Darasi: Gasa Kek na Aure a Tukunyar Yashi

'Yan'uwa, kek ɗin da ake ɗaukowa daga Kano domin aure a Gwarzo ko Kabo yakan iso a farfashe, ga kuma tsada. Matan ƙungiyarmu suna iya gasa nasu a murhu.

A auna ƙwai 6 a sikeli. Fulawa, sukari da bota, kowanne nauyinsa ya zo daidai da na ƙwan. A buga bota da sukari har su yi fari, a riƙa fasa ƙwai ɗaya ɗaya, sa'an nan fulawa da bekin foda ƙaramin cokali 2.

Gashin ne wurin wuya. A zuba yashi mai tsabta cikin babbar tukunya, ya yi zafi tukuna. A ɗora kwanon ƙullun bisa yashin, a rufe, a sa garwashi kan murfi, na ƙasa kuwa kaɗan. Kada a buɗe kafin minti 40. Ni na yi gaggawa a kek ɗina na fari, tsakiyarsa ta lotsa. In an soka tsinke ya fito ba ƙullu, ya nuna.

Adon bota yakan narke da zafin bazara. Gara a daka sukari, a tankaɗe, a buga da farin ƙwai da ruwan lemon tsami. Sai kek ya huce sarai a shafa.