Ƙaramin Jirgin Ruwa Da Abin Da Ya Ke Koya Mana

'Yan'uwa na Kwandiko da sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu sun sani, in damina ta yi tsakiya koguna su kan cika, har ba a ƙetare wadansu sai da kwalekwale. Domin wannan mun ga ya kamata yaranmu su san halin jirgi tun a gida.

Sassaƙar jirgi ba baƙon aiki ba ne a ƙasarmu. A shekara ta 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, sai ya tarad da kwalekwale a binne. Tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kuwa wajen 8,000. Daga gungume ɗaya aka sassaƙe shi. Haka za mu yi namu ƙarami.

Mu sami busasshen guntun rimi, gama ba shi da nauyi, tsawonsa inci 12, faɗinsa inci 3. Mu daidaita gindinsa, mu fiƙe goshi da baya. Sa'an nan mu rarake cikinsa da wuƙa a hankali, bakin wuƙar yana kallon waje, ba jikinmu ba. Lalle kaurin gefen dama da na hagu su zama ɗaya, in ba haka ba zai karkace. Mu shafe shi da kakin zuma kada ya sha ruwa.

Yanzu mu cika daro da ruwa, mu sa jirgin. Jirgi ya kan zauna cikin ruwa har nauyin ruwan da ya ture ya yi daidai da nauyinsa duk da kaya. Mu jera tsakuwa a tsakiyar gindinsa, za mu ga ya zauna daram. Mu tara su gefe ɗaya, ko mu ɗora su bisa, sai ya kife. Mu yi ta ƙarawa kuma, har ruwa ya kai baki, ya nutse.

Haka babban jirgi ya ke. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai miƙe tsaye a tsakiyar kogi ba, ba kuwa zai ji kunyar jiran sawu na biyu ba in jirgi ya cika.

Tambayoyi:
1. Don me a ke daidaita gefen jirgi biyu?
2. Ina ya kamata a ajiye kaya mai nauyi?
3. In jirgi ya cika, me za mu yi?