DARASIN WANNAN WATA: ABIN DA YA RAYA BIKIN KAMUN KIFI NA ARGUNGU

Kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu, ko da a rediyo ne. Amma kaɗan ne ke tambayar abin da ya sa bai mutu ba.

Ga asalinsa. Kabawa da Sakkwatawa sun daɗe suna gaba tun zamanin jihadi. A shekarar 1805 mayaƙan Shehu suka ci Birnin Kebbi, daga baya sarautar Kabi ta koma Argungu. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi da gagarumin su. Daga nan abin ya zama al'ada. Ke nan bikin sulhu ne tun farko.

To, ina kifin yake fitowa? A nan darasin yake. Akwai wani yanki na gulbi da ake kira Matan Fada. Ba a su a wurin sai ranar biki. Masunci yana da iyali, yana ganin kifi na wasa a ruwa, amma ya haƙura ya tafi wani wuri. Sarkin Ruwa ne ke kula da lafiyar gulbin, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Ranar biki, da an ba da izini, dubban mutane su ruga cikin ruwa, kowa da gorarsa da homarsa ta hannu. Gorar nan babba ce, a kanta ake yin iyo, a cikinta ake zuba kifi. Wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi shi ne gwani. Da a ce kowa na satar shiga da dare, da baƙi sun zo sun tarar da laka kawai.

Akwai kuma Kabanci, wato tseren kwalekwale, da nutso, da kama agwagwar ruwa da hannu. Ba a makaranta ake koyon waɗannan ba. Yaro a wurin ubansa yake gani.

Duniya ta yaba. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da ya kamata a adana. Duk da haka an yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba, sai a 2020 aka farfaɗo da shi. Ruwan ma ba kamar da ba, tun da aka gina madatsun Bakolori da Goronyo ambaliyar da ke cika fadama ta ragu. A ganinmu, raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi ta fi rashin kuɗin biki haɗari.

Wanda ya je Argungu kada ya dawo bai shiga Gidan Tarihi na Kanta ba. Tsohuwar fadar sarki ce, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Akwai takubba da masu da tambura da kayan su na da.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya sami dattijo a ƙauyensu, ya tambaye shi sunayen kifaye 5 da kayan su 3, ya rubuta a littafinsa ya kawo wa malami. Idan akwai tsohon takobi ko tambari a gidanku, a rubuta sunan mai shi na farko, kuma kada a sayar wa dillalai.