Yadda A Ke Rufe Gidan Agogon Mota Da Fata

Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota kusa da direba ya ga waɗansu abubuwa masu kama da agogo a bayan sitiyari. Direbobi ma agogo su ke ce musu, ko da ya ke ba lokaci su ke nunawa ba. Babban cikinsu shi ne maleji, watau mai nuna gudun mota. Akwai mai nuna yawan man da ya rage cikin tanki, akwai kuma mai nuna zafin inji. Dukansu suna zaune cikin wani kwanso na roba mai baki kamar rumfa, don ya tare musu hasken rana. Wannan kwanso shi mu ke kira gidan agogo.

Rana ita ce abokiyar gabar wannan kwanso. In an ajiye mota a fili da tsakar rana, an kuma rufe gilasai, zafin gaban mota ya kan wuce digiri 70. Ku tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Shekara da shekaru robar tana shan wannan gashi, har ta bushe, ta tsattsage kamar bakin tafki da rani. Ku duba tsofaffin motocin nan Peugeot 504, waɗanda mu ke ce wa Fijo. A Faransa aka fara ƙera su cikin 1968, aka kuma fara harhaɗa su a Kaduna cikin 1975. An daɗe da daina yin su, saboda haka sabon kwanso ya yi wuyar samu. Mai mota ba shi da dabara sai ya gyara wanda ya ke da shi. To, nan ne aiki ya zo hannun baduku. Wanda ya iya ɗinka kube da sirdi da jaka, wannan ba zai gagare shi ba, in ya kiyaye abin da za mu faɗa.

Zaɓen Fata

Fatar ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a kasuwar duniya. Tun zamanin da, ayari ya kan ɗauki jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi daga Kano, ya ƙetare hamada da ita zuwa garuruwan Larabawa na bakin teku. Can Turawa su ke sayenta, shi ya sa suka sa mata suna fatar Maroko, alhali kuwa a nan aka yi kiwon akuyar. Da ita su kan yi bangon littattafai masu tsada. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai fata ta koma bin hanyar Ikko. Har yanzu akwai masana'antun jima a Sharaɗa da Calawa cikin Kano.

Amma ba kowace fata ta dace da gaban mota ba. Majemanmu da bagaruwa su ke jima. Fatar bagaruwa tana da wani hali mai kyau: in ka jiƙa ta, sai ta bi siffar abin da ka ɗora ta a kai. Tana kuma da aibi: in ta bushe ta kan ja baya, ta tsuke. Fatar da masana'anta ta jeme musamman don mota ta fi jure zafi, sai dai ta fi tsada. In ka same ta, madalla. In ba ka samu ba, ta bagaruwa ma ta yi, amma sai ka bi da ita ta wata hanya da za mu zo kanta.

Kaurin da a ke so kamar milimita 1 ne. Mai kauri ba ta lanƙwasuwa a kusurwa, mai rauni kuwa ba ta ɓoye abin da ke ƙarƙashinta. Turawa da fatar saniya su kan yi wannan aiki. Mu a nan, galibin fatar shanu ganda a kan yi da ita a cinye, don haka ta akuya ta fi sauƙin samu, kuma guda ɗaya babba ta isa gidan agogo.

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga fatar ka duba ta a hasken rana, gaba da baya. Ga abin da za ka nema: yankan wuƙa na mai fiɗa, da tabon lalas, da karcen ƙaya, da ɗigo-ɗigon cizon kaska ko ƙazuwa. Yankan wuƙa shi ya fi duka muni, domin ta ciki ya ke, ba a ganinsa ta fuska. Sai ka ja fatar bisa kwanso sa'an nan ta ɓarke maka, ga gam ka riga ka shafa. Wannan magana ta shafi kowa a ajin nan, ba baduku kaɗai ba. Kai mai akuya, da kai mai fiɗa ran salla ko ran suna, ku sani darajar fata a hannunku ta ke. Hannu ya fi wuƙa raba fata da nama. In an gama, a wanke ta, a ɗaure ta a miƙe cikin inuwa inda iska ke ratsa ta ko'ina. Wadda aka shanya a ƙasa cikin rana bayanta ya kan bushe, cikinta ya ruɓe, ba a kuwa ganewa sai ta je hannun majemi.

Sai launi. Mun san ja na karan dafi shi ne adon dukanci, amma a nan ba wurinsa ba ne. Na ɗaya, rana ta kan kashe shi da sauri. Na biyu shi ne babba. Duk abin da ke da haske ko sheƙi a gaban mota, hotonsa ya kan fito cikin gilashin gaba, ya tsaya tsakanin idon direba da hanya. Direban da ke fuskantar rana da la'asar, ga hoton jar fata a gilashinsa, yana iya kasa ganin yaro ko jaki a kan titi. Saboda haka ne masu ƙera mota su kan yi saman gaban mota da launi mai duhu. Kai ma ka nemi baƙar fata marar sheƙi. Ko mai motar ya ce ja ya ke so, ka gaya masa dalili.

Cire Kwanso

Wannan aikin bakanike ne, kada ka yi kasada. Shi zai fara cire wayar batir, sa'an nan ya kwance kusoshi. A zuba su cikin gwangwani, kada ɗaya ta ɓace. Agogon kansu a naɗe su da tsumma a ajiye nesa da ƙura, kada kuma kowa ya taɓa alluransu.

Wanke kwanson da sabulu sarai, domin direbobi su kan shafa masa mai don ya yi sheƙi, gam kuwa ba ya kama mai. In ya bushe, cike tsagogin, ka goge da samfefa har ya yi sumul. Shafa da tafin hannunka, idonka a rufe. Duk tudun da hannu ya ji, ido zai gan shi bayan an sa fata.

Yankan Gwaji

Nan ne gwani ya ke bambanta da ɗan koyo. Kwanson ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar allo. Ya lanƙwasa daga hagu zuwa dama, ya kuma lanƙwasa daga gaba zuwa baya. Ɗauki takarda ka gwada rufe ƙoƙo da ita, ka gani. Dole ta tattare. Haka fata za ta yi in ka ce da ƙyalle ɗaya za ka rufe kwanso. Saboda haka a kan yanka ta gida biyu ko uku, a haɗa da ɗinki, ɗinkin kuwa ya bi ƙaryar kwanson, watau daidai inda ya lanƙwasa.

Kada ka fara da fata. Manna takarda bisa kwanson da salatif, ka zana inda ɗinki zai bi da fensir. Ja ƙananan layuka masu gitta zanen, ka sa musu lamba 1, 2, 3 a kowane gefe. Su za su nuna maka inda gefen nan zai sadu da wancan sa'ad da ka zo ɗinki. Ɓamɓare takardar, ka yanke ta bisa zanen, ka shimfiɗa kan kwali. Wajen ɗinki ka ƙara santimita 1. Wajen bakin da za a naɗe ta ciki ka ƙara santimita 2. Mai hankali ya kan fara ɗinka gwaji da tsohon ƙyalle, domin tsumma ba shi da tsada.

Sa'an nan ka aza kwalin bisa fata. Tsakiyar bayan dabba nan ne fata ta fi ƙarfi, wajen ciki kuwa sako-sako ne. Har wa yau, fata ta fi miƙewa daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, ba ta miƙewa sosai daga wuya zuwa wutsiya. Ja ta da hannu biyu, za ka ji. Ka sa wajen da ya fi miƙewa ya bi inda kwanso ya fi lanƙwasa.

In fatar bagaruwa ce, ga hanyar da muka ambata. Yanka ta da saura mai yawa. Jiƙa ta kaɗan, ka ɗora bisa kwanson ba gam, ka lallaɓa ta har ta bi siffarsa, ka bar ta ta bushe a inuwa. Duk tsukewar da za ta yi, gara ta yi yawancinta yanzu. In ta bushe ka sake aza kwali, ka yanke daidai.

Ɗinki Da Gam

Fefe bakin fata ta ciki da wuƙa mai kaifi har ya yi rauni, don kada ɗinki ya yi tudu. Yi ɗinki da zare mai ƙarfi, tsakanin huji da huji kamar milimita 4, duka daidai wa daida, domin wannan ɗinki kullum yana gaban idon direba. Buɗe ɗinkin ta ciki, ka bubbuga shi ya kwanta.

Gam irin na masu gyaran takalma a ke sawa, amma ka nemi mai jure zafi. Karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Mai araha ya kan saki in rana ta buge shi, fata ta kumbura kamar borin jini, mai mota ya dawo yana neman kuɗinsa. Shafa shi kaɗan a jikin kwanso da kuma bayan fata, ka dakata kamar minti 10, sai ka taɓa ka ji yana danƙo amma ba ya bin yatsa. Irin wannan gam da zarar gefe biyu sun haɗu ba ya ba ka damar gyarawa. Don haka sa takarda tsakaninsu, ka fara daidaita ɗinki bisa ƙaryar kwanso, sa'an nan ka riƙa zare takardar kaɗan kaɗan, kana shafa fata daga tsakiya zuwa baki. Kada ka ja ta da ƙarfi, fatar da aka ja ta kan nemi komawa inda ta fito. Naɗe bakin ta ciki, ka kama da matsi, ka sa tsumma ƙarƙashinsa don kada ya bar tabo. Bar shi kwana ɗaya.

Gam ɗin nan yana kama wuta, tururinsa kuma yana juya kai yana ɓata ƙwaƙwalwa. Yi aikin a waje cikin inuwa, nesa da murhu da mai shan taba. In ka gama, rufe gwangwanin, ka ɓoye shi inda yara ba za su kai ba.

Mayarwa

Bayan bakanike ya mayar, zauna kan kujerar direba da kanka. Kana ganin kowane agogo da kowace fitila ta gargaɗi? Fata ba ta toshe kafar iska ba? Sitiyari yana juyawa ba ya gogar kome? In ɗaya ya kasa, a sake kwancewa.

Akwai wurin da ba a taɓa rufewa ko kusa. Motocin yanzu suna da jakar iska a ɓoye cikin sitiyari da gaban fasinja. In an yi karo ta kan fasa murfinta ta fito cikin ƙiftawar ido, ta tare mutum kada ya bugi ƙarfe ko gilashi. In ka manna fata a bisa murfin, ta yiwu jakar ta kasa fita daidai ran da a ke bukatarta. Tsohuwar Fijo 504 ba ta da ita, amma in sabuwar mota ce, ka sa bakanike ya nuna maka wurin, ka bar shi yadda ya ke.

Ka gaya wa mai mota kada ya shafa wa fatar man shanu ko man gyaɗa, suna sa sheƙi, suna kuma tara ƙura. Tsumma mai ɗan laima ya isa. In zai ajiye mota a rana, ya sa kwali a gilashin gaba.

Tambayoyi

1. Don me Turawa suka kira fatarmu fatar Maroko?
2. Me ya sa ba a sa fata mai sheƙi a gaban mota?
3. Wane wuri ne ba a rufewa da fata?
4. Tsawon takardar gwaji santimita 46 ne. Za a naɗe bakinta na hagu da na dama. Santimita nawa za ka yanka a fata?