Ƙwaro Cikin Ƙunshi

Ba kowane abu muke iya aikawa ta gidan waya ba. Ƙasashe da yawa sun yi doka, sun hana a aiko musu da tsiro ko iri mai ƙwari.

Don me? Mu dubi rogo. A 1973 aka ga wani farin ƙwaro a gonakin Kwango. Daga Amurka ta Kudu ya zo. Kafin shekara goma ya iso Nijeriya. Ganyen rogo ya ƙanƙance, saiwa ta ƙi girma, manoma suka yi asara.

In za mu aika iri wata ƙasa, sai mu tambayi malamin gona inda ake dubawa. A can ake ba da takardar shaida. In babu ita, ana iya tsare ƙunshin, a ƙone shi.