Makarantar Ɗari Bisa Ɗari

Ɗana zai shiga SS1. Akwai wata makarantar kuɗi a unguwarmu da ta kafa allo a bakin ƙofa, wai ɗalibanta sun ci WAEC ɗari bisa ɗari. Maigidana ya ce mu mayar da shi can, ko da yake kuɗin ya ninka na inda yake. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina mafita?
Maman yara uku, Zariya

Gara da hankalinki bai kwanta ba. Abin da allon yake faɗa shi ne duk wanda aka yi wa rajista ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. To, su wa aka yi wa rajistar? A nan gizo ke saƙa. A ce aji yana da ɗalibai 60 a SS2, aka tsame 20 masu rauni aka ce su maimaita ko su nemi wani wuri, sauran 40 suka ci. Allo zai ce ɗari bisa ɗari, alhali biyu cikin uku ne. Ban ma taɓo zancen wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa ba.

Ingila ta sha wannan ruwan. Tun 1992 take buga jerin makarantu bisa sakamakon jarrabawa, sai aka ga masu tace haziƙai tun a ƙofar shiga su ne kullum a sama. A 2016 aka kawo ma'aunin Progress 8. Ana ɗaukar makin yaro na ƙarshen firamare, sannan a gwada sakamakonsa na jarrabawar sakandare ta GCSE a darussa takwas da na sauran yaran ƙasar da suka taso da irin makinsa. In makin makaranta a wannan ma'aunin ya haura sifili, ta ƙara wa yaranta wani abu. A ganina wannan ne awon gaskiya, don yaron da ya shigo da ƙoƙarinsa ba gwanintar malami ba ne.

Ki lallaɓa maigida ku je tare. Ku tambayi shugaban makarantar yara nawa suka fara SS1 a ajin da ya fita bana, nawa kuma suka zauna jarrabawar. Ku nemi ganin sakamakon WAEC da NECO na shekara uku, ku leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da idonku. In aka fara kame-kame, ku bar yaron inda yake, rarar kuɗin ku ɗaukar masa malamin Lissafi na yamma.