Kafin Ka Sauke Injin Nan, Ɗana

Ɗana, na karanta takardar gwajin baƙin man motarka da ka aiko mini, na kuma ji abin da bakanikenka ya ce, wai a sauke inji a sa sabon ring tun kafin ya buga. Ina roƙonka ka dakata tukuna. Ban ce mutumin bai san aikinsa ba. Amma takardar nan ba haka ta ce ba, kuma wanda ke cin abinci da jigilar ɗalibai da ma'aikata tsakanin gari da harabar jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Gubi bai kamata ya ajiye motarsa mako biyu a gareji saboda tsoro kawai ba.

Da farko dai, Allah Ya yi maka albarka da ka kai man gwaji. Yawancin direbobinmu zaro geji suke yi, su murza man a yatsa, in ya yi baƙi su ce ya mutu. Alhali baƙin ba laifi ba ne, man kirki aikinsa ke nan ya kwashe dattin inji ya riƙe shi a jikinsa. Gwajin da ka yi kuwa tsohuwar dabara ce. Kamfanin jirgin ƙasa na Denver da Rio Grande a Amurka ne ya fara ta a shekarun 1940, don ya gane injin da ke shirin lalacewa tun bai tsaya da kaya a daji ba. Daga baya sojojin ruwan Amurka suka ɗauke ta don jiragensu na sama.

Lambobin da suka fi tayar maka da hankali, waɗanda suka haura dubu, su ne suka fi kwantar mini da nawa. Kalsiyam, da zinki, da fosfaras ba daga jikin inji suka gutsuro ba. Masu haɗa man ne suka zuba su: kalsiyam don wanke datti da kashe tsami, zinki da fosfaras don su lulluɓe ƙarfe kada ya ci ɗan'uwansa. Da na ga waɗannan sun yi ƙasa ƙwarai, da shi ne zan ce an cuce ka, domin akwai masu ɗura tsurar mai marar sinadari a galan mai kyau su sayar, kuma hukumar SON ta daɗe tana kama irin wannan a kasuwanninmu. Naka dai mai ne na gaske. Ka riƙe wurin da ka saye shi.

Ka kuma fahimci ma'aunin. Wannan ppm da ke saman kowane layi kashi ɗaya ne cikin miliyan, wato miligiram ɗaya a kilo guda na mai. Injin da ke shan lita huɗu zuwa biyar, in aka ce akwai ƙarfe 50 a mansa, duka-duka ƙarfen da gwajin ya gani wajen kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. Babu injin da ke aiki ba ya zubar da ƙarfe. Abin tambaya shi ne, a cikin tafiyar kilomita nawa ya zubar, kuma da wa ya taso.

To, a takardarka ƙarfe ya tashi, gaskiya ne. Amma dubi abokan tafiyarsa: silikon ya tashi, alminiyum ya biyo shi, kuromiyam ma ya ɗan motsa. In ka ga waɗannan huɗun sun jeru haka, silikon ya ninka alminiyum wajen sau uku, to ƙura ce ke shiga injinka. Ƙasa da yashi yawancinsu silikon ne da alminiyum. Ƙurar ta bi iska ta shiga silinda, ta maƙale tsakanin ring da bango tana goga, sai bangon ya ba da ƙarfe, ring ya ba da kuromiyam. Kuma ka tuna lokacin da man nan ya yi aiki. Hunturu ne, lokacin da hazo ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe mana gari har dutsen da ke gabanka ya ɓace. Ga shi kana sauka daga kwaltar hanyar Ningi ka shiga burji, ka kai mutanen ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Gubi. Injin mota yana shaƙar iska kusan lita dubu goma kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur. Ka auna yawan ƙasar da ke cikin wannan iskar a watan Janairu.

Saboda haka ba ring za ka fara nema ba, hanyar da ƙurar ke bi za ka nema. Buɗe gidan filtar iska da kanka. Duba ko murfin yana zama daidai, ko wani maƙalli ya karye an ɗaure da waya. Ka bi robar da ta tashi daga nan zuwa inji, ka lanƙwasa ta a hannu, domin tsagewar takan ɓuya a cikin ninkin, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Shafa farin ƙyalle a cikinta. In ya fito da jar ƙura, ka kama ɓarawon. Sannan don Allah ka daina kai filtar wurin mai faci ana hure ta da iskar kwamfuresa. Takarda ce, ƙarfin iskar yana huda ta da ƙananan ramuka, ta dawo fes a ido alhali ta daina tacewa. Kuɗin sabuwa bai kai na kwalin ring ba, balle na aiki.

Akwai togaciya guda. Da silikon kaɗai ya tashi, ƙarfe na zaune lafiya, da sai in tambaye ka ko an buɗe injin kwanan nan. Gam ɗin da makanikai ke shafawa a gasket silikon ne, yana narkewa cikin mai ya ɗaga lambar ba tare da wata cuta ba.

Abin da ya sa na ce injinka bai kusa bugawa ba shi ne layin dalma da kuza da jan ƙarfe. Waɗannan su ke fitowa daga metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, kuma naka duk suna ƙasa. Ranar da ka ga sun taso tare, musamman in fitilar mai tana ƙyaftawa in inji ya yi zafi, wannan ranar ni da kaina zan ce ka ajiye mota.

Layin sodiyam da fotasiyam shi ke tona asirin gasket ɗin kai in ya fara sakin ruwan lagireto cikin mai. Naka babu komai, sai dai kada ka sakankance. Waɗannan sinadaran daga ruwan sanyaya inji na kanti suke, mu kuwa ruwan famfo ko na rijiya muke zubawa. In shi ne a motarka, gasket na iya yoyo layin bai nuna ba, ruwan ma ya ƙone da zafin inji kafin a ɗebi samfur. Don haka ka riƙa lura ko lagireto na shan ruwa, kuma ka koma wa na kantin, ko don tsatsa.

Sai kaurin man, wanda ake aunawa a zafin digiri 100. Mai 5W-30 ya kamata ya faɗa tsakanin 9.3 da 12.5, mai 20W-50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. In ya tsinke ya yi ƙasa da gidansa, yawanci fetur ne ya zubo masa, ko daga injekta mai ɗiga, ko fulogi da ba ya ƙona mai sosai, ko doguwar tsayuwa a tasha inji na kunne ana jiran mota ta cika. In ya yi kauri fiye da kima, zafi ne ya dafa shi, kuma ka san yadda Bauchi take a Maris da Afrilu. Naka yana cikin gidansa, amma a bakin ƙofar ƙasa, don haka rage barin inji a kunne. Lambar TBN kuma ita ce sauran ƙarfin da man ke da shi na kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa. In ta sauka ƙasa da rabin ta sabon mai, lokacin juye ya gabato.

Kada kuma ka ɗauki takardar nan a matsayin mai gani har hanji. Na'urar gwajin tana ganin ƙura mai laushi ce kawai, wadda ba ta wuce kusan maikuron goma ba. Manyan ɓarɓashi suna wuce ta, su tsaya a filtar mai ko a gindin inji. Ranar juye ka sa a yanka tsohuwar filta, a baza takardar cikinta a rana, ka ga ko akwai abin da ke ƙyalli. In kunnenka ya ji sabuwar ƙara, kunnen za ka bi.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ka san katin awon jarirai da matarka ke kaiwa asibiti. Nauyin wata ɗaya ba ya gaya wa ma'aikaciyar jinya komai, layin da ke hawa ko sauka wata bayan wata take dubawa. A ce man da ya yi kilomita 8,000 ya nuna ƙarfe 40, wani kuma ya yi 3,000 ya nuna 30. Na biyun ya fi ban tsoro, domin yana cin 10 a kowace kilomita dubu, na farkon kuwa 5. Kai ko kilomitar man ba ka rubuta wa masu gwajin ba, shi ya sa suka ja maka jan layi suka yi shiru.

Yanzu ka gyara hanyar iska, ka yi juye da irin man nan da sabuwar filta, ka rubuta lambar mita a littafi. Bayan kilomita 3,000 ka ɗebi wani samfurin inji na da ɗumi, daga tsakiyar zubar man, ba farkonsa ko ƙarshensa ba, a sabuwar kwalba busasshiya, ba gorar ruwa da aka tsinta ba. Rubuta sunan man, da kilomitar da ya yi, da litar da ka ƙara a hanya, ka haɗa da ɗan sabon mai daga galan ɗin don su sami abin kwatantawa. Mai yiwuwa ƙarfen ba zai sauka duka a karo na farko ba, saboda tsohon mai yakan yi saura a lungunan inji. In sakamakon ya fito ka kawo mini takardun biyu, ka zo da bakanikenka mu duba tare. Ka gaida mahaifiyarka da iyali.