Kafin A Kira Mai Gyara: Jan Hankali Ga Masu Aiki Da Firinta A Damagaram

Jama'a, da wuya a sami wanda bai taɓa tsayawa gaban teburin ma'aikaci yana jiran takarda ba, daga ƙarshe a ce masa, "Yi haƙuri Malam, na'ura ta tsaya, sai gobe." Ga mutumin Birni ko Zango ko Sabon Gari, goben nan ba ta da nisa, ɗan kabu-kabu zai sake kawo shi. Amma a tuna da dattijon da ya taso tun asuba daga wani ƙauye na ƙasar Magariya ko Tanut, ya sayar da kaji biyu ya yi kuɗin mota, don ya karɓi takardar haihuwar yaron da za a sa makaranta. Shi "gobe" a wurinsa kwanan tasha ne. Sau da yawa kuwa na'urar da aka ce ta tsaya lafiyarta ƙalau. Guntuwar takarda ce ta maƙale a cikinta, ko ƙura ta rufe wata 'yar roba da za a goge cikin minti biyu. Don wannan dattijo aka rubuta wannan takarda, amma da sakatarori da masu shagunan buga takardu da shugabannin ma'aikatu ake magana.

Bari mu fara da abin da ke cikin firinta. Kowa ya san yadda malaman allo suke haɗa tawada: gawayi ne da ƙaro, gawayi ya ba da baƙi, ƙaro ya riƙe shi. Firinta mai aiki da hasken lesa ita ma haka take, sai dai tawadarta ba ruwa ba ce. Gari ne mai laushin gaske, haɗin baƙin launi da roba, yana zaune cikin kwanson da ake kira kartush. A jikin kartush akwai wani dogon ƙarfe mulmulalle, kore ko shuɗi, wanda ake ce wa ganga. Masu gyaran da suka koyi aiki da Faransanci suna kiranta tambur, sunan da ya yi kusa da na tambarin fada. Na'ura tana shafa wa gangar nan lantarki, hasken lesa ya zana haruffa a kanta, gari ya manne a inda hasken ya taɓa, takarda ta bi ta ƙarƙashi ta kwashe shi. A wannan lokaci rubutun ƙura ce kawai, da yatsa za a share shi. Sai takardar ta ratsa wani wuri mai zafi kamar dutsen guga, wanda zafinsa kan kusanci digiri 200, robar ta narke ta kama. Masu gyara suna kiran wurin tanda. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi.

Wani injiniya mai suna Gary Starkweather ne ya haɗa irinta ta farko a kamfanin Xerox na Amurka a 1971, kuma a 1984 kamfanin HP ya fitar da LaserJet, wadda ake ɗorawa a tebur, tana buga shafi takwas a minti ɗaya. Abin lura a nan shi ne inda aka haife ta. An ƙera ta don ofis mai sanyi, mai rufaffun tagogi, mai lantarkin da ba ya rawa. Littafin da ke zuwa da ƙananan firintocin HP yakan ce kada zafin ɗaki ya wuce digiri 32 da rabi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan wuce 40 a inuwa. Baƙuwa ce a garinmu, kuma mafi yawan cututtukanta a ɗakinmu take ɗaukarsu.

Babbar abokiyar gabarta ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya buso, ƙurar da ba a gani ita ce ke shiga ta kowace kafa. Takan zauna a kan 'yar robar da ke jan takarda daga tire, ta mayar da ita santsi. Alamar ita ce ka ji na'ura tana juyi tana ƙara amma takarda ba ta motsa ba, ko ta ja ta rabi ta saki. Maganin ba ya cin ko dala. A kashe na'ura, a zare wayarta daga bango, a jiƙa tsumma mai tsabta a matse shi sosai, a goge robar ana juya ta, a bari ta bushe. Idan robar ta suɗe har ta yi sulɓi kamar tsohuwar taya, to sai sabuwa, ita ma ba ta kai kuɗin kartush ba. Da an tashi daga aiki a lulluɓe firinta da zane, amma bayan ta huce. Kada a ajiye ta bakin taga mai kallon titi, kada kuma a matse ta jikin bango har kafofin shan iskarta su toshe.

Hunturu yana da wata illa. Busasshiyar iska tana sa takardu su manne da juna, kamar yadda riga ke manne wa jiki tana tartsatsi a wannan lokaci, sai na'ura ta ja biyu ko uku tare ta shaƙe. Kafin a zuba takarda a tire, a kama gefenta a kaɗa ta, a buga ta a tebur ta daidaita. Da damina kuma abin ya juya: takarda ta sha raɓa, ta fito a nannaɗe ko a yamutse, rubutu ya ɗauke a wasu wurare. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, cikin ƙarni na 19, takarda a kan raƙumi take zuwa daga Tarabulus, ƙirar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, kuma babu magatakardan da zai yar da ita a ƙasa. Yau ana farke bandir mai guda 500 a bar shi buɗe a kan siminti. A bar takarda cikin ledarta, a kan kanta ko cikin kabad, a riƙa ɗiban ta aikin yini kawai. Takardar da aka riga aka buga a baya ana son sake amfani da ita, a duba ta da kyau. Ƙarfen maƙala takardu guda ɗaya tak ya isa ya karce ganga ko ya yage fatar tanda.

Sai maganar kuran, wato wutar lantarki. Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a nan mai ƙarfin 220 ce, kuma wani kaso nata daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Waɗanda suka yi aiki a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar, sun san yadda ofisoshi da shaguna suka koma kan janareta. Firinta ta lesa mai haɗamar wuta ce a lokacin da take ɗumama tanda, nan take takan ja abin da ya ninka na kwamfuta sau da yawa. Saboda haka kada a haɗa ta da ƙaramin akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, zai yi ta kuka ko ya ƙone. Abin da take bukata na'urar daidaita wuta ce mai ƙarfi. In an ɗauke wuta a zare ta daga bango, in an maido a jira 'yan mintoci wutar ta zauna. A kan janareta kuma, sai ya tashi ya daidaita sannan a kunna ta. Mai sayen ta hannu, ko a Kasuwar Dole ko daga Kano aka kawo masa, ya juya bayanta ya karanta lambar wuta kafin ya biya. Wadda aka yi don Amurka 110 take sha, in aka sa mata 220 hayaƙi ne zai ba da labari.

Yanzu ga abin da ya fi komai amfani a wannan takarda. Firinta ba ta magana, amma tana rubuta ciwonta a jikin shafin da ta fitar, kuma wanda ya iya karanta shi ya rage wa kansa rabin kuɗin gyara. Idan rubutu ya dushe a tsaye, wani gefe baƙi wani gefe fari-fari, gari ne ya kusa ƙarewa. A ciro kartush a girgiza shi a hankali hagu da dama sau biyar ko shida a mayar, zai ƙara kai ka wani lokaci, amma a aika sayen wani tun yau. Idan an girgiza, an ma sa sabo, farin layi yana nan daram a wuri guda daga sama har ƙasa, to ƙura ce ta tare hanyar haske, wannan na mai gyara ne. Baƙin layi siriri a tsaye, ganga ce ta karce ko rezar da ke share ta ta lalace. Ɗigo kuwa da ke maimaita kansa, a sa ma'auni a auna tsakaninsa da na gaba. Kowane abu mai juyawa a cikin na'ura yana da faɗin zagayensa, a ƙananan firintoci irin HP 1020 da P1102 tazarar da ta kai santimita bakwai da rabi tana nuna ganga. Shafin da ya yi toka-toka ko'ina, yawanci gari mara kyau ne ko tsohuwar ganga. In kuwa ka shafa rubutu ya biyo yatsanka, tanda ce ba ta yi zafin da ya kamata ba, ko takardar ta yi mata kauri. A manyan firintocin HP masu allo, lamba 13 maƙalewar takarda take nufi, lamba 50 kuwa tanda.

Idan takarda ta maƙale, haƙuri ne kayan aiki. Na taɓa shiga wani shago a lokacin da ɗaliban jami'a ke rububin buga kundin kammala karatu, na tarar da yaron shagon ya zura wuƙa cikin firinta yana ƙwaƙular takarda. Takardar ta fito, amma tun daga ranar kowane shafi da baƙin zane yake fita. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma a kan ganga. Yadda ake yi shi ne a kashe, a jira tanda ta huce don tana ƙuna, a ciro kartush, a kama takardar da hannu biyu a ja ta sannu ta hanyar da take bi. In ta fito a shimfiɗa ta a duba ko wani lungu ya yage ya saura a ciki, don guntu kamar farce ya isa ya sa na'ura ta ci gaba da cewa akwai takarda. Kartush ɗin da aka ciro a rufe shi da takarda ko a sa shi cikin aljihun tebur, saboda haske yana kashe ganga, yatsa kuma yana bar mata tabo. Gari in ya zuba a tufa, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi manne shi yake yi. Kada a hura shi da baki, huhu ba ya son sa. Masu gyara kuma sukan ciro kyankyasai da tsaka daga cikin firinta, ɗumi ne da ɓurɓushin abinci ke jawo su, don haka gyaɗa da biredi su bar teburinta.

Wani lokaci laifin ba nata ba ne sam. An danna bugu, shiru. Kafin a zarge ta, a sa ta buga shafin gwajinta da kanta ba ta hanyar kwamfuta ba. In ya fito tsaf, a koma kan waya da kwamfuta: a zare wayar a mayar, a share ayyukan da suka yi layi suna jira, a duba ko an tura aikin ga wata firinta da aka daina amfani da ita tun bara, a kashe duka biyun a kunna. Ga kuma wata matsala da za ta ƙaru, tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. A buga wasiƙa, a ga ɓ da ɗ da ƙ sun koma ƙananan akwatuna. Firinta ba ta ƙi Hausa ba, salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da masu lanƙwasa. A sauya salo, ko a mayar da wasiƙar PDF kafin a buga.

Game da sake cika kartush, ba za mu ce a daina ba, don mun san aljihun mutane. Amma a san abin da ake saye. Kartush 12A na asali an auna shi a kan shafi 2,000, 85A kuwa 1,600, kuma wannan lissafi na shafi mai ɗan rubutu ne, ba mai hoto da tambari ba. Mai cikawa na kirki yakan zubar da tsohon garin da ya taru a ma'ajiyar shara, ya duba ganga da reza, ya zuba garin da ya dace da irin na'urar, domin na HP ba ya yi wa firintar Brother. Wanda ya huda kwanso ya ɗura ya liƙe da salatif, araha ya sayar maka, araha kuwa ba ta ado. Ganga ma tana tsufa, ba a cika kwanso ɗaya har abada.

Akwai inda hannun ma'aikaci ya kamata ya tsaya. Warin ƙuna, ƙarar haƙoran inji suna cin juna, lamba 50 da ta ƙi tafiya bayan an kashe an kunna, duk waɗannan a zare waya a kira mai gyara, a ajiye masa shafin da ya lalace ya gani da idonsa.

Ku kuma shugabannin ma'aikatu da makarantu da asibitoci, ranku ya daɗe, roƙonmu kaɗan ne. Firintar da kowa ke taɓawa ba mai goge ta. A damƙa ta a hannun mutum ɗaya da sunansa. A rubuta lambar kartush da lambar wayar mai gyara a manna a bango kusa da ita. A ajiye kartush guda a kabad tun na ciki bai ƙare ba, a saya mata zanen rufi kafin hunturun bana ya shigo.